Oba-obar Ɗayyabu da Rumbunan Garin Modibbo

Duk wanda ya zauna a Miga a shekarun da aka ba ta ƙaramar hukuma ya san Ɗayyabu ɗan kwana-kwana. Dogo ne baƙi, ya ɗan ranƙwafa, kullum cikin kakin da wanki ya cinye wa launi. Ba ya shan taba, ba ya cin goro, ba shi da majalisa. Abu ɗaya mutane suke kuka da shi a kai: in ya shigo gidanka, kafin ya zauna sai ya leƙa madafa. Ya ga murhu ya matsi danga, sai ya yi magana. Ya ga an jingine kara a jikin ɗakin ciyawa, sai ya yi magana. Mata suna ce masa Sarkin Sa-ido, yana ji, amma ko a jikinsa.

A Garin Modibbo aka haife shi, ƙauyen da keke yake kai ka cikin rabin awa daga Miga. Yana rarrafe mahaifiyarsu ta rasu, yayarsa Safiyatu ce ta goye shi tun ita ma ba ta gama girma ba. Ta yi aure a garin, ta haihu, mijin ya rasu, ta zauna da gona biyu da jikoki huɗu da babban ɗanta ya bar mata, ya tafi kudu neman abinci. Duk abin da yake shiga bakin gidan nan daga kaka zuwa kaka, daga rumbunta yake fitowa.

Shi kuwa Kano ya tafi da samartaka, ya shiga aikin kashe gobara, ya ga wutar kasuwa, ya ga ta gidajen sama. Da aka yanka Jigawa aka ce kowa ya koma gida, ya zo Dutse ya tarar da ofis a gindin bishiya, takardu a cikin kwalin sabulu. Ya yi shekara shida a nan, sannan aka tura shi Miga da tsohuwar jar mota guda, da direba mai suna Muntaka, da mutum uku masu jan tiyo.

To, ga yadda ake neman taimako a wancan zamani in wuta ta fi ƙarfin mota ɗaya. Babu waya a Miga. Takarda za ka rubuta, ka ruga tasha, ka ba direban da yake layi. Shi kuma direba ba zai tashi ba sai motarsa ta cika, ya tsaya a Jahun ya sauke buhuna, ya yi salla, ya ci abinci. A 1998 wuta ta kama kasuwar wani ƙauye da ke gabas da su, ruwan motarsu ya ƙare tana tsaka da ci. Ɗayyabu ya aika takarda Dutse da hantsi. Kwana biyu aka yi aka dawo masa da amsa, wai a bayyana irin taimakon da ake buƙata. Ya karanta, ya ninke, ya sa a aljihu.

Daga ranar ba shi da zance sai na oba-oba, wato rediyon nan da 'yan sanda suke danna wa su yi magana a ji su a wani gari. Cewa yake, mota uku da ke jin juna sun fi mota goma kurame.

Ana nan, sai takwaransa na Ringim, wani Bafillace mai haƙuri da ake kira Bubayero, ya aiko masa da labari. Wata ƙungiyar agaji ta ƙasar waje tana ba da tallafin irin wannan na'ura, amma da sharaɗi: ba ta ba tashar kashe gobara ɗaya, sai maƙwabta uku sun haɗu sun nema tare, sun yarda za su yi magana a layi ɗaya. Ɗayyabu ya ce ai wannan mai sauƙi ne. Bawan Allah, bai san manya ba. Wata bakwai aka kwashe ana gardamar sunan wane gari ne zai zo a farkon takarda. Da aka gama wannan, aka shiga ta hatimin wa zai hau saman na wa. Ɗayyabu ya yi ta safa da takardar a cikin leda, Miga zuwa Dutse, Dutse zuwa Ringim, ya zauna a bencin bakin ofis daga safe har a tashi, a ce ya dawo jibi. Ya durƙusa wa yaran da ya girma da shekara ashirin. Ikilima matarsa ta ce da kujerar Makka yake nema haka, da tuni ya zama Alhaji.

Shekara biyu da rabi, sannan Allah ya nufa. A ƙarshen daminar 2001 injiniyoyi suka zo suka kafa dogon ƙarfe a bayan kowace tasha, suka ɗora farantin hasken rana, suka ajiye babbar na'ura a kan teburi, suka ɗaura wata a cikin kowace mota, suka ba kowane shugaban tasha ƙarama ta hannu. Ranar gwaji Ɗayyabu ya danna ya yi sallama, sai ga muryar Bubayero daga Ringim tar, kamar yana bayan labule. Ɗayyabu ya fita bayan tasha ya share ido da hular kakinsa, ya ce wa Muntaka wani abu ne ya faɗa masa a ido.

A nan ne ya yi abin da har ya mutu bai yafe wa kansa ba. Mutanen Garin Modibbo tun kakanni ba sa ajiye rumbu a cikin gida. A bayan gari suke jera su, can nesa da murhu, don in wuta ta ci ɗakuna ta bar abinci. Amma shekara biyu a jere ɓarayi suna huda rumbuna ta ƙasa suna kwashe damma, har na Safiyatu an taɓa. Da aka gama girbi, dattawan gari suka kira Ɗayyabu ƙofar gidan mai gari, tun da shi ne masanin wuta, suka tambaye shi ko su shigo da rumbunan cikin gida.

Ya ce, "Ku shigo da su. Motarmu minti goma ne ta iso nan. In ta gaza, yanzu baki ɗaya zan yi Dutse da Ringim su taso."

Safiyatu ce ta fara. Ta sa aka ciccibo rumbunanta biyu aka kafa a tsakar gida, kusa da turken awaki, aka cika su da gero da dawa har wuya. Saura suka bi bayanta.

Abin da Ɗayyabu bai sani ba, a babban ofis na Dutse akwai wani Alhaji Sagiru, jami'in tsare-tsare, gajere mai tumbi da ƙamshin turare, wanda bai taɓa riƙe tiyo ba, ko hayaƙin gasa masara ba ya so. Ana gama shigo da rumbunan, sai ya aiko da umarni a rubuce: a kashe dukkan na'urori, kada wanda ya kunna har sai an yi bikin ƙaddamarwa. Babban baƙo ne zai fara danna ta da hannunsa mai albarka. Don dai Allah, jama'a, rijiya ce ko asibiti ko famfo, a ƙasar nan abu ba ya zama abu sai wani mai babbar riga ya zo ya yanka ƙyalle. Ruwa na zuba a famfo za a ɗaure kansa da leda, mutane su ci gaba da shan kududdufi wata uku suna jiran almakashi.

Aka sa rana, aka ɗaga, baƙo ya yi tafiya. Aka sake sawa, azumi ya shigo. Aka ce bayan salla. Lokacin nan kuwa ba a daɗe da ƙaddamar da shari'a ba, ko'ina ka juya wa'azin amana ake yi, a masallaci, a rediyo, a cikin motar haya. Alhaji Sagiru ya ajiye gemu, ya ɗage wando, yana sahun gaba a kowane taro. Ɗayyabu ya je ya same shi har ofis.

"Yallaɓai, damina ta wuce, ciyawa ta bushe, iska ta fara. A bari mu kunna ko da rana ne, ranar biki sai mu yi kamar sabuwa ce."

Alhaji Sagiru ya dube shi ta saman tabarau. "Malam Ɗayyabu, so kake mu yi wa babban baƙo ƙarya? A wannan zamani?"

Da aka tsayar da rana ta gaskiya, wata Laraba a watan Janairu, sai ga umarni na biyu. Motocin tashoshi uku duka su hallara a Dutse tun safe, a wanke, a goge, ma'aikata cikin sabon kaki, don a jera su a gaban rumfar baƙi. Na'urar Dutse da na cikin motoci su zauna a kashe har baƙo ya yanka ƙyalle. Ɗayyabu da Bubayero kowa ya zauna a garinsa shi kaɗai, ya kunna tasa, ya jira a kira shi ya amsa. Ɗayyabu ya sake komawa, ya roƙa a bar mota ɗaya tak a Miga, ko da tsohuwar tasu ce da ba ta da kyan gani.

Alhaji Sagiru ya yi dariya har tumbinsa yana rawa. "Gobara ta aiko maka da goron gayyata ne cewa ran Laraba za ta zo? Wuni ɗaya ne fa. Ka cika baƙin baki."

Ran Laraba Muntaka ya tafi da mota da mutum ukun tun rana ba ta yi zafi ba. Ɗayyabu ya share tasha, ya kunna na'ura, ya zauna. An ce ƙarfe goma baƙo zai iso. Goma ta yi, sha ɗaya ta yi, shiru. Wajen sha biyu saura, wani mai babur ya shigo a guje, bai ko kashe babur ɗin ba. Wuta a Garin Modibbo. Wata mata ce take suyar gyaɗa a gabashin gari, iska ta ɗebi tartsatsi ta watsa a jinkar maƙwabta.

Ɗayyabu ya danna. "Dutse, Dutse, Miga ce. Gobara a Garin Modibbo. Dutse, kuna ji na?"

Babu amsa sai shuu. Ya sake, ya sake. Bubayero ne ya shigo daga Ringim. Ya ce yana jin sa, amma motarsa ita ma tana Dutse. Bari ya gwada wayar tarho ta ofishin ƙaramar hukuma. Can ya dawo ya ce tana ta ƙara babu mai ɗauka, kowa yana filin biki. Ɗayyabu ya rubuta takarda, irin ta dā, wadda ya yi shekara biyu da rabi yana wahala don kada ya sake rubuta irinta, ya ba mai babur ya ce ya tashi Dutse kada ya tsaya ko'ina. Shi kuma ya ɗauki oba-obar hannu ya hau kekensa.

Tun daga hanya yake hango hayaƙin. Da ya isa, wuta ta gama da gida shida tana kan na bakwai. Gidan Safiyatu yana can yamma, da layi uku na gidaje tsakaninsa da ita. Da motarsa tana nan, wallahi tanki ɗaya ya isa ya tare ta a layin farko, wannan ya sani kamar yadda ya san sunansa. Ya jera maza daga rijiya suna miƙa bokiti, 'yan hisba da samarin gari suka shiga sahu, ya sa wasu suna yaye danga da jinka don wuta ta rasa abin bi. Amma rijiyar gaba goma sha biyu ce, guga ɗaya take ɗauka, iska kuma tana ɗaukar bunu mai ci ta tsallake da shi kan mutane. Yana jan kara da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana danna na'ura: Dutse, Dutse. Har muryarsa ta dishe.

A can Dutse kuwa, kamar yadda Muntaka ya ba da labari daga baya, motoci uku suna tsaye cike da ruwa, suna ƙyalli, an ɗaura musu ƙyalle kore da fari. Makaɗa suna ta kiɗa. Mai babur ya iso bayan azahar, masu gadi suka tare shi a ƙofa don ba shi da katin gayyata, suka karɓi takardar suka ce za a ba Alhaji Sagiru in an tashi.

Wajen ƙarfe biyu da rabi wuta ta shiga gidan Safiyatu. An samu an fitar da jikoki da awaki da tabarmi. Rumbu ba a ɗaukarsa da hatsi a ciki. Maza suka fasa gefen ɗaya suna janyo damma, ba su fitar da goma ba zafi ya kore su. Gero in ya kama ba ya tashi da harshe kamar ciyawa, ci yake a hankali yana ƙamshin tumu, kana tsaye kana kallo. Safiyatu ta zauna a kan turmi a bakin hanya, jikoki sun kewaye ta, ba ta yi kuka ba.

An yi la'asar, gari ya zama toka da gumagumai masu hayaƙi, Ɗayyabu yana tsaye kusa da yayarsa, gira a babbake, tafin hannu ya tashi, sai na'urar ta yi ƙara. Murya ce mai ƙoshi, ta dattijon da ya saba a saurare shi, ana jin amsa-kuwwar lasifika a bayanta.

"Assalamu alaikum. Miga, Miga, daga Dutse muke magana. Yaya aiki, yaya jama'ar Miga?"

Awa huɗu yana kiran wannan layi. Maganar tana bakinsa, a shirye, ya faɗe ta ya fi sau ɗari. Amma babba ne ya yi sallama, ya yi gaisuwa. Bahaushe ko gawa ce a ɗakinsa, in ka ce masa yaya gida, lafiya zai fara ce maka, sai an gama gaisawa sannan ya ce sai dai wane ya riga mu gidan gaskiya. Ba tunani ake yi ba, baki ne yake yi da kansa. Ɗayyabu ya danna, har da ɗan rusunawa.

"Wa alaikumus salam, ranka ya daɗe. Lafiya lau, alhamdu lillahi."

Ya saki maɓallin, don ba a tarar numfashin babba, a bari ya amsa tukuna. Abin da ya jiyo sai tafi da kabbara, da muryar tana cewa madalla, madalla. Baƙo ya makara, sauri yake, ba a ma kira Ringim ba. Aka mayar da lasifika wajen makaɗa. Ɗayyabu ya danna yana ihu, gobara, ranka ya daɗe, gari ya ƙone, Bubayero ma yana ta yi daga can, amma na'urar tana kan teburi ita kaɗai, manya sun tashi rakiya.

Muntaka ne ya ji su. Da aka yanka ƙyalle ya samu izinin kunna ta cikin motarsa, abin da ya fara shiga kunnensa ke nan. Motoci uku suka fito da jiniya, suka iso Garin Modibbo gab da magariba, suka juye ruwansu a kan toka. Ihu bayan hari.

Gida ashirin da uku suka ƙone, da rumbu kusan arba'in. Ba a rasa rai ba. Da rumbunan suna bayan gari inda kakanni suka bar su, ko ɗaya wuta ba za ta taɓa ba, kuma babu wanda bai san da shawarar wa aka shigo da su ba. Ba wanda ya faɗa masa a ido. Gara ma a ce sun faɗa.

Ɗayyabu ya rubuta koke shafi huɗu, ya kai babban ofis da hannunsa mai bandeji. Alhaji Sagiru ya karanta shafin farko, ya ture sauran.

"Malam Ɗayyabu, ƙaddara ce, a yi haƙuri. Amma kada ka ɗora wa kowa laifi. An kira ka, an tambaye ka, kai da bakinka ka ce lafiya lau, a lasifika, a gaban mutum ya fi ɗari biyar. Shaidu nawa shari'a take nema?"

Haka aka rufe maganar. Wata uku bayan nan aka ƙara wa Alhaji Sagiru girma saboda kyan tsarin biki. Na'urar kuwa ta yi aiki, ba a ce ba ta yi ba. Shekarun da suka biyo ta ceci kasuwa biyu da wata makarantar allo, kafin wayar hannu ta zo a manta da ita. Ɗayyabu ya yi ta riƙe ta har ya yi ritaya, bai sake leƙa madafar kowa ba.

Safiyatu ba ta sake gina gidan ba. Dami tara ba sa kai mutum biyar damina, kayan agajin da aka kawo kuma kwano bibbiyu ne na masara. Ta sayar da awaki, ta raba jikoki, biyu wajen dangin uwarsu, biyu aka sa su a mota zuwa kudu wajen ubansu. Ita kuma Ɗayyabu ya zo ɗaukarta ta koma gidansa a Miga. Ya ɗaure ƙullin kayanta a bayan keke, suka kama hanya a ƙasa, yana tura keken tana biye. Sai da suka wuce filin bayan gari, inda har yanzu ake ganin duwatsun da rumbuna suke zama a kai, sannan ya iya buɗe baki.

"Yaya, kin ji abin da na ce wa mutumin nan."

"Na ji."

"Ban san yadda aka yi ba."

Ta gyara mayafinta. "Ni na sani. Kana shekara biyar, liman ya gaishe ka ka ce masa yunwa kake ji. Na kai ka bayan ɗaki na zane ka da tsumagiya, na ce duk abin da ke cinka, lafiya ake fara cewa." Ta dubi hannunsa da ke kan keken. "Ka riƙe da kyau, kayan suna zamewa."